Shuɗin Keken Pak Mat

Wata Asabar bayan ƙaramar Sallah, ina 'yar shekara takwas, na raka Baba sayen burodi a saman layinmu a Taman Melati. Lokacin muna zaune a ƙasar waje, yana karatun digiri na uku. Jikin shagon burodin akwai rumfar wasu tsofaffi biyu, Pak Mat da abokinsa Ankul Lim, masu ƙera keken tsere da hannu. Ankul Lim ke yanka bututun ƙarfe ya goge shi har ya yi sheƙi, Pak Mat kuma ya yi walda yana ƙunƙuni. Ranar sun fito da wani siririn shuɗin keke da suka ƙera tun suna samari, suna share masa ƙura.

Baba kuwa in dai keke ne, ba a gaya masa. Kullum sai mun ji yadda ya yi sakandare a kan keke daga ƙauyensu. Ya nemi ya ɗan taɓa, Pak Mat ya ce "Boleh, boleh," wato ya yarda, ya shiga ciki ɗauko sifana don ya sauke masa sirdi. Baba bai jira ba. Ya ɗora ni a kan sandar gaba kamar yadda ake ɗaukar yara a gida, muka kama gangara.

Da farko dariya nake. Sai na ga yatsun Baba suna lalube a kan keken, babu abin matsawa. Keken filin tsere ne, ba a sa masa birki, fedarsa kuma ba ta hutawa muddin taya na juyawa. Ya gwada tsayar da ƙafafunsa, fedar ta cilla shi sama. A ƙasan gangarar babban titi ne, motoci na ta wucewa. Bayanmu Ankul Lim na gudu yana ihu. Tsoro ya kama ni har na kasa kuka, ina jin zuciyar Baba na dukan bayana.

"Rufe idonki, Hajara," ya ce.

Ya rungume ni da hannun hagu, ya karkata kan keken zuwa ciyawar bakin kwata, ya juya jikinsa don shi ya fara isa ƙasa. Na ji ƙarar karyewar ƙashin kafaɗarsa ta dama. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Pak Mat ya iso yana haki, ya tsallake kekensa da ya lanƙwashe bai ko kalle shi ba, ya riƙa taɓa hannuwana da ƙafafuna yana hawaye.

Yanzu rumfar ta zama gidan shan kofi, tsofaffin biyu sun rasu, kuma ban san inda shuɗin keken ya ƙare ba. Baba ya koma Kano, ya daina ba da labarin sakandare. Idan na je hutu na ga ya ta da kabbara, hannun damansa ya tsaya a rabi, sai in sake jin bugun nan a bayana. Kafaɗar nan ce birkina ranar.