Musbahu Mai Tafi, Ka Dawo Wa Inna Da Muryar Malam

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, ina ban-ruwan tumatir a Bunkure aka kira ni cewa Allah ya yi wa abokina Musbahu Datti na Kura rasuwa, bayan jinyar kwana huɗu. Na zauna a kan kunyar gona, ko injin ban iya kashewa ba.

Musbahu, jama'a sun san ka da gyaran rediyo, amma mu Mai Tafi muke ce maka. In ka shiga ɗakin mutum, bayan sallama sai ka tsaya a tsakiya ka yi tafi ɗaya, ka karkata kai kana saurare. Mun sha tsokanarka wai aljanun gida kake gaisarwa. Kai kuwa ka ce kowane ɗaki da bakinsa, wani ma ya fi mai shi surutu.

Ban gane ba sai da abin ya zo gidanmu. Mahaifinmu Malam Iliyasu ya rasu ya bar kaset ɗaya tak na karatunsa, kuma tun da idon mahaifiyarmu Inna Sa'a ya tafi, shi ne abokin hirarta. Don in faranta mata, na rushe ɗakinta na ƙasa na gina na bulo, har da tayil. Ran da aka kunna kaset a ciki, ta ce wannan ba Malam ba ne. Na sayo manyan sifikoki a Kano, abin ya ƙara dagulewa. Ta daina cewa a kunna, ta rage cin abinci.

Ka zo ka yi tafinka, ɗakin ya amsa maka har sau biyu. Ka ce mini, "Sharif, kaset lafiyarsa lau. Ɗakin ne yake katse wa Malam magana."

Da igiyar awon gona ka auna daga kowace sifika zuwa gadonta, ka janye su daga bango taku biyu. Ka ɗebo buntun shinkafa a injin casa, ka ɗura a buhuna, ka jingine a kusurwa huɗu, ka rataya tabarmin kaba. Bayan kowane gyara, sai tafi. Na yi mita ka mai da sabon ɗaki rumbu, ka ce ai rumbu ya fi shi ladabi.

Da ka kunna, Malam ya yi bismilla, sai Inna ta laluba mayafinta ta gyara, kamar yadda take yi in ya shigo gida. Ta ce, "Shi ne." Ka fita kana goge ido, wai buntu ne ya faɗa maka.

Jiya bayan addu'ar uku, Inna ta sa na riƙe hannunta zuwa tsakiyar ɗakin. Ta yi tafi ɗaya, muka tsaya muna saurare. Ɗakin bai amsa ba. Ta ce, "Aikin yaron nan yana nan." Sai a lokacin kuka ya ƙwace mini.

Allah ya jiƙanka, Musbahu, ya yalwata kabarinka, ya ba matarka Hawwa da 'ya'yanku haƙurin rashinka. Yadda ka jiyar da tsohuwa muryar mijinta, Allah ya jiyar da kai sallamar mala'ikun Aljanna, tar, babu abin da zai katse ta. Amin.