Ƙyallen da Na Auna Akwati da Shi

Ɗiyata ta fara rarrafe ubanta bai taɓa ɗaukar ta ba. Ina da cikinta ya tafi Jidda tuƙin mota, a waya kawai ya san fuskarta. Da fari kullum sai ya kira. Daga baya sai ranar Juma'a, kiran ma sai ƙara gajarta yake. Ina dai lura.

Sai yayarsa da ke aure a Boɗinga ta tashi tafiya Umra. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar innarsu, ba ya ƙetare maganarta. Ta ce akwati biyu aka yarje mata, ta bar mini guda in zuba masa abin da nake so.

"Amma ki auna shi da kyau, ƙanwata. Mutanen jirgi ba su da wasa."

Maigida ya turo mini saƙon murya cewa tsawo da faɗi da kauri in an haɗa kada su wuce lamba kaza. Ni lissafi ba ya zama a kaina. Na saɓa goyo na tafi wajen telanmu na bakin kasuwar Shagari, na kunna masa saƙon.

"To, riga za mu ɗinka ma akwatin ko wando?"

Da ya gama dariyarsa ya ja tef, ya yanko mini dogon ƙyalle daga ragowar wata atamfa shuɗiya mai ɗigon rawaya. Ya ce in bi tsawo da shi, in juya faɗi, in juya kauri, har da tayoyi da mariƙi. In ƙyallen bai ƙare ba, akwati ya tsira.

Na daka yaji, na tankaɗe kuka, na naɗe daddawa cikin leda a kan leda saboda wari. Can sama na ɗora rigar da yarinyar ta fi sawa, ban wanke ta ba, don ya shaƙa ya ji ƙamshin ɗiyarsa. Akwatin ya kumbura, ƙyalle ya kasa kai. Na fitar da dakuwar da na cusa a gefe, na hau na zauna a kai na ja zif. Wannan karon har ya yi saura kamar gaɓar yatsa. Duk da haka in na idar da salla sai na sake aunawa. Wani mai sayar da shinkafa ya ɗora mini shi a sikelinsa, ya ce nauyi ma lafiya lau. Na ɗaure ƙyallen a mariƙi yadda alhazai ke yi don shaida, na kai shi Boɗinga da kaina.

Ranar tafiya Yaya ta kira daga filin jirgi.

"Mi kinka auna ne? Sun ƙi akwatinki, wai ya yi girma. Na ba direba shi mai da shi gida."

Na yi kuka. Na zargi tela, na zargi kaina da ban yi boko ba.

Da Juma'a ta zagayo maigida ya kira ta bidiyo daga masaukin Yaya, suna zaune tare. A bayansu, jikin bango, ga akwatina a buɗe, shuɗin ƙyallen yana reto a mariƙi. Turamen atamfa ne a ciki da ƙullin goro, hajar da take sayarwa.

"Kowa an aiko mashi da abin gida," in ji maigida, "ni ko ƙullin yaji ban samu ba."

"Yarinya ce, ba ta iya awo ba," Yaya ta ce tana dariya. Sai ta ga inda idona yake, ta ɗan gusa ta tare akwatin da mayafinta.

Washegari na hau mota zuwa Boɗinga. Babbar ɗiyar Yaya ta nuna mini wani buhu a bayan ƙofar ɗakin ajiya, ba ta yarda mun haɗa ido ba. An juye komai a ciki yadda ya faɗa. Ledar daddawa ta fashe. Na ɗauko rigar na kai hanci, babu yarinyata a jikinta, sai daddawa.

Sati guda ina juya maganar a raina. Da ya sake kira na ɗaga masa rigar, na gaya masa komai, har launin ƙyallen da ɗigon da ke jikinsa. Yarinyar tana ta miƙa hannu tana son kama wayar.

"Yaya ba ta yin haka," ya ce. "Akwati irin wanga cike suke da kasuwa."

Na ce, "Ƙyallen fa?"

Ya ce fasinja na jiran sa. Juma'ar da ta biyo baya na yi wa yarinyar wanka, na shafa mata hoda, muka zauna da waya a tsakar gida har aka kira la'asar.