Gidan Yashi na Ɗiyar Katantanwa

A gidanmu na Gummi, lokacin sanyi, da an idar da sallar magariba Kaka takan sa a tara mata karan dawa a bakin ɗakinta a hura wuta. Mu jikoki mu kewaye ta, dankali na gasuwa a cikin toka. Ba ta farawa sai ta ga kowa ya sami wurin zama. Daga nan ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa." Mu amsa, "Ta shigo mu gan ta."

Hirar da ta fi tsaya mini a rai ta zo ne a shekarar da aka gano gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ƙanen mahaifina, Sani, ya daɗe da tafiya Tungar Daji haƙar zinariya, har rami ya rufta da shi. Bayan rasuwarsa wani dattijo makiyayi ya zo mana da wata yarinya mai suna Dije. Ya ce ɗiyar Sani ce, uwarta ma ta rasu, waɗanda ke riƙe da ita kuma a tsakar gidansu ake daka dutsen zinariya.

Baffa, yayan mahaifina kuma mai gidan, bai gamsu ba. Babu ɗayanmu da ya halarci ɗaurin auren. Yarinyar fara ce, siririya, da tsagar dangin uwarta a gefen baki, maganarta rabi Fulatanci. Mu kuwa baƙaƙe ne masu faɗin fuska. Baffa ya yanke cewa ranar kasuwa za a mayar da ita inda ta fito. Kowa ya san irin ƙasar da za ta koma tana wasa a cikinta.

A yammacin nan Kaka ta ja Dije ta zaunar da ita a kan ƙafarta. Da na yi ƙorafin an ƙwace mini wuri, ta ce, "Kai angona, miji marar ko kwabon goro, matsa can." Sannan ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. Baffa yana zaune a bayan zana, rediyo a kunnensa.

Ta ce wata shekara gulbi ya janye, sai 'yan tafkuna suka rage. Sarkin ruwa ya ce a raba su dangi-dangi, ya naɗa ƙaguwa mai tantancewa. Ƙaguwa ba ta tambayar kowa asalinsa. Gidan da mutum ya goyo a bayansa kawai take dubawa: masu murɗaɗɗen koɗi nan, masu shimfiɗaɗɗe can. To akwai ɗiyar katantanwa da ambaliya ta fasa wa koɗi tun tana ƙarama, ta tsinci ƙwayoyin yashi ta manna, ta yi wa kanta gida. Ƙaguwa ta dube ta, ta ture ta kan tudu. Wani ƙwaro kuma da ya tarar da koɗin mamaci ya shige ciki, aka yi masa maraba a tafkin katantanwa, ya kwana yana cinye musu ƙwai.

"To ita ɗiyar fa, Kaka?" in ji ƙanwata.

"Rana ta gasa ta," in ji Kaka. "Sanda anka tahi nemanta, yashin kawai anka iske."

 Ba ta taɓa ƙare mana labari da mutuwa ba. Ba ta ma rufe shi da waƙar da ta saba ba, sai ta tono dankali ta ɓare wa Dije. A bayan zana muka ji an kashe rediyo.

Ranar kasuwa ta zo, Baffa ya ɗauki babur ya fita shi kaɗai. Da ya dawo ya miƙa wa Inna, mahaifiyata, yadin atamfa ya ce, "A ɗinka wa yarinyar ga, a sa ta makaranta da sauran." 

Yanzu ina shirya labaran kimiyya a gidan rediyo. Kwanakin baya na yi shiri a kan wasu halittun teku masu ƙwayar halitta ɗaya tak, waɗanda akasarinsu ba su wuce ƙwayar yashi girma ba. Wasu suna gina ɓawonsu da sinadarin alli, wasu suna manna yashi, wasu fata mai laushi kawai gare su. Masana sun daɗe suna rarraba su bisa kamannin ɓawon, domin shi ne abin da ido ke iya gani, shi ne kuma ke saura bayan sun mutu. Da aka fara karanta ƙwayoyin gadonsu, rabon ya sauya. Wasu masu gidan yashi sun fito a reshe ɗaya da masu gidan alli. Wasu da ɓawonsu yake kamar an tsaga kara sun kasance jinsi daban-daban. Har waɗanda ba su da ɓawo sam aka samu a cikin dangin.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar Kaka ta tabbatar da cewa Dije tamu ce. Sai da na yi wannan shiri na lura ba haka ba ne. Masanan sun sami abin da za su gwada a cikin ƙwayar. Mu ba mu gwada komai ba. Abin da Kaka ta yi shi ne ta raba Baffa da hujjarsa ta fuska, ta bar shi da rashin sani, ya zaɓi kuskuren da zai iya ɗauka.

Na tuna na taɓa tambayarta, tana kwance cikin ciwon ajalinta, ko ta tabbata Dije ɗiyar Sani ce. Dijen na tsakar gida tana dama mata kunu.

"Ni ina na sani?" in ji ta. "In ba tamu ba ta, mun ciyar da marainiya. In tamu ta kuma munka maida ta, wa za ya gaya ma Sani?"