Wuyan Farfela

Yayana mai gyaran injin ban ruwa ne a Wurno. Ni malamin firamare ne, amma in rani ya yi ina noman albasa, shi ya sa muke tare da shi a fadamar Goronyo ranar da masu awon ƙasa sunka zo da jirginsu maras matuƙi.

Faɗinsa bai wuce tabarma ba. Wata matashiyar injiniya ce ke riƙe da abin sarrafa shi. Ta ajiye jirgin a kan kunya, farfela huɗu suna kallon sama, ya tashi tsaye cak babu gudu. Da ya wuce tsawon giginya sai farfela biyu na gaba sunka sunkuyar da kai sannu a hankali, ya miƙe ya nufi dam.

Kowa na kallon jirgi, Yaya kuwa wuyan farfelar nan ya tsaya masa a rai. Da jirgin ya sauka, Yaya ya goge hannunsa a riga ya matsa.

"Ɗiyata, mi ka lanƙwasa mai wuya?"

Ta yi murmushi ta buɗe murfin da ke wuyan farfelar. Akwai ɗan inji kamar kwalin ashana, yana tura wani siririn ƙarfe, ƙarfen yana juya gaɓar da farfela ke zaune a kai.

"Baba, nan ne duk wahalar take," in ji ta. "In ɗaya ta riga ɗaya sunkuyawa, kifewa zai yi."

"To ku ɗora su bisa sanda guda mana."

"Wasu haka suke yi. Mu mun raba su, don da su yake juya kwana in yana tsaye a sama."

Tun daga Goronyo har gida yana bayana a kan babur, yana ta lanƙwasa yatsunsa kamar wuyan farfela.

Bayan sati biyu ya aiko in zo. Na tarar ya rataye wani katako da igiya a reshen darbejiyar shagonsa. A jikin katakon ya ɗaura fankar lagireto biyu a kan bututu guda, ya haɗa bututun da injin waifar mota da ya samo wajen 'yan gwangwan a Rabah.

"Yaya, wanga abu tashi za shi yi?"

"Wa ya ce maka tashi nika so? Wuyan nika son gani. Riƙa batir."

Lokacin da fankokin suke a kashe, bututun ya juya salin alin. Da ya kunna su ya sake juyawa, sai katakon ya murɗe gefe kamar jaki ya ƙi hanya, saura kaɗan ya kwashe mini hula. Munka sake, ya sake murɗewa, kuma gefe guda kullum. Babu wanda ya tura shi.

Ya cire fanka ɗaya ya ɗora mini a tafin hannu tana gudu, ya ce in karkata ta gaba. Na karkata, sai na ji tana jan hannuna dama. Shekara ashirin ina koyar da kimiyya, ban taɓa jin abu maras rai yana gardama da ni haka ba. Munka yini muna miƙa wa juna fankar, har masu jiran gyara sunka shiga layi.

Kwana uku ya yi kafin ya gano. Ya juya wayar fanka ɗaya, ya yi mata sabbin fikafikai na kwano masu kallon ɗaya gefen. Da sunka riƙa gudu hannun riga, jan waccan ya kashe jan wannan, katakon ya tsaya.

Da masu awon sunka dawo, ni na je na roƙi injiniyar ta biyo. Ta tsuguna ta daɗe tana duba injin waifar. Ta cire wayar batir, ta danna bututun da ƙarfi, ya ƙi motsi.

"Baba, me ya riƙe shi?"

Ya buɗe ya nuna mata haƙoran ciki, masu murɗe kamar kusa mai zare. Inji na iya juya su, amma farfela ba ta iya mai da su baya.

"Namu in wuta ta yanke, wuyan saki yake yi," ta ce. Ta ɗauki hoto, ta tambayi nauyin injin.

Yaya ya shiga maƙwabta ya aro sikelin mai nama.