Karen da Ban Saya Ba

Shekarar da Baba ya rasu na ɗauko Inna daga ƙauye na kawo ta gidana a unguwar Gudu, cikin Abuja. Ba da son ranta ta zo ba. Hawan jini ya kayar da ita sau biyu a bakin murhu, kuma a ƙauyenmu babu mai tuna mata da shan magani, asibiti kuwa sai an sha tafiya a kan babur. Ta yarda ta biyo ni bisa sharaɗi ɗaya: idan damina ta wuce zaman bai karɓe ta ba, zan mayar da ita. Na amsa da sauri, don a lokacin ban ga wanda zai zauna a Abuja wata shida ya ce zai koma jan ruwa a rijiya ba.

Lokacin garin yana tashe. Mulki ya dawo hannun farar hula, an ƙara mana albashi a ma'aikata, kowa ya yi wayar hannu, duk inda ka duba gini ake yi. Na saka mata fanka da talabijin a ɗakinta, ina jin na gama komai. Da safe ni da matata mu tafi aiki, yara su tafi makaranta, a bar Inna ita kaɗai a cikin katanga. In na dawo sai in same ta a kan tabarma a bayan gida, kusa da tankin ruwa, tana kallon bango. Abincin da aka zuba mata yana nan a rufe. Ta fara ƙirga abin da ya rage wa damina a gabana, ba ta ko ɓoyewa.

Wata rana na zauna kusa da ita na tambaye ta abin da ta rasa. Na zaci za ta ce maƙwabta, ko kasuwa.

"Gidanku ba motsi," ta ce. "Ko kaza babu. Tun da aka kai ni gidan babanku ban taɓa leƙa waje da safe ban ga kare kwance a bakin zaure ba."

Baba mafarauci ne. Karnukansa ba sa shiga cikin gida, amma Inna ce ke ba su ƙanzo, ita ke cire musu kaska, ita suke rakawa rijiya. Na ƙarshensu ja ne mai farin ƙirji, ya riga Baba mutuwa da wata biyu. Ni duk na manta da wannan, na yi shekaru ina zaune a ofis.

Nan take na ga hanyar riƙe ta. Matata ta ɓata rai, ta ce kare a gidan da ake salla? Muka daidaita a kan cewa a bayan gida zai zauna, ba zai taka ɗaki ba, in an tambaya mu ce na gadi ne. Ranar Asabar na ce wa Inna ta shirya mu je bakin titi wajen kasuwar Gudu, inda wani mutum ke ajiye 'yan kwikwiyo a keji, ta zaɓi wanda ya yi mata.

"Saye za ka yi?" ta ce. "Babanku bai taɓa ba da ko sisi a kan kare ba. Malamai sun hana cin kuɗin kare, kuma wanda aka saya ba ya albarka. Kyauta ake ba da shi. In saye ne, ka bar shi kawai."

Kare kyauta, a garin da ko ruwan sha sai ka biya. Na tambayi masu gadi, na tambayi direbobi, duk wanda karyarsa ta haihu ya san kuɗin da zai yanka. Mako biyu suka wuce, Inna na ta ramewa.

Wata abokiyar aikina ce ta nuna mini shafin wata ƙungiya a intanet. A Legas suke. Suna tattara karnukan da aka yasar, na kan titi da waɗanda masu su suka bar ƙasar suka bari, su yi musu magani, su ba wanda zai riƙe su. Ba sayarwa suke yi ba, riƙo suke bayarwa. Akwai dai kuɗin da za ka biya, wai na abinci da allurar da aka yi wa dabbar. Na daɗe a aikin gwamnati, na san yadda ake sauya wa abu suna fayil ya wuce. Na ce wa kaina wannan ai ba farashi ba ne, gudummawa ce, sai na ji zuciyata ta yi wasai.

A cikin hotunan akwai wani ja mai farin ƙirji. Na buga shi a takarda a ofis na kawo gida. Inna ta matso da takardar dab da idonta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta kira shi da sunan tsohon karen Baba. Ranar ta cinye tuwonta tas.

"Kyauta?" ta ce.

"Kyauta, Inna. Riƙo za mu yi."

Daga nan biya ya fara. Kuɗin karɓa, sai na takardar likita, sai na keji, sai na mota. Duk lokacin hutun rana ina layi a banki. Da aka haɗa, ya fi ƙarfin abin da mutumin Gudu zai karɓa a kan kwikwiyo uku, amma ni ba saye nake yi ba, don haka ban damu ba. Kuma in faɗi gaskiya, matar ƙungiyar da nake magana da ita a waya ba ta cuce ni ba. Ta ce in zo in gan shi tukuna, na ce ba zan samu hutu ba. Ta ce to a sako shi a jirgi, na ji kuɗin na ce hanya ma ta isa. Ta gaya mini ya yi zazzaɓin kaska watanni biyu baya, an yi magani ya warke. Ban san ko menene wannan ba, ban kuma tambaya ba, tun da ta turo takarda mai hatimi da sa hannu. Ni mutum ne da in na ga hatimi hankalina ke kwanciya. Cinikin biri a sama na yi, da idona a buɗe.

Makonni ukun da aka yi ana jira su ne mafi daɗi da Inna ta yi a gidana. Ta sa na kira kafinta ya yi rumfar kwano a jikin katanga, ta tsaya a kansa tana gyara masa aiki. Ta sa matata ta sayo kwano daban, ta ɗaura masa jan zare a baki don kada ya shiga cikin na gida. Ta daina maganar damina.

Da wani mai motar kaya aka haɗa karen, mai kawo kwalayen tayil na daɓen ɗaki Abuja. An ce kwana ɗaya ne. Aka yi biyu, wayar direban ba ta shiga. A rana ta uku, wajen azahar, ya kira ni da gurguwar Hausarsa.

"Oga, ka zo Abaji fa. Mota ya lalace tun jiya. Kare ɗin nan kuma ba ta ci, ba ta tashi. Ni ban san aikin kare ba, Oga."

Na so in tafi ni kaɗai, Inna ta riga ni shiga mota. Ta zauna a baya da kwanon a cinyarta da gorar ruwa.

Mun sami motar a gefen titi, kusa da masu sayar da doya. Kejin yana can tsakanin kwalaye, ƙarƙashin tampol, a cikin zafin da ko hannu ba ya jurewa. Direban ba mugu ba ne, ya saka masa burodi, ya yanka masa ledar ruwa, abin da ya sani ke nan. Karen shi ne na hoton, ga farin ƙirjin nan, sai dai ana ƙirga haƙarƙarinsa.

Inna, wadda sai an kama ta take tashi daga tabarma, ta durƙusa a kan tsakuwa. Ta miƙa masa bayan hannunta ya sansana. Ta sa babban yatsa ta ɗaga leɓensa. Dasashin fari fat. Ta ja fatar idonsa, ta leƙa kunnuwansa, duk abin bai kai minti ɗaya ba. Ta ce in ɗauko shi.

Sai da muka hau titi ta yi magana.

"Wa ya buɗe maka bakinsa kafin ka ce a kawo?"

"Akwai takardar likita, Inna. Har da hatimi."

"Takarda," ta ce, ta juya tana jiƙa masa harshe da ruwa.

Kai tsaye na wuce wani asibitin dabbobi a unguwar Maitama, inda direbobi ke kawo karnukan iyayen gidansu, masu ƙiba, masu sheƙi. Muka zauna a layi ni da tsohuwa mai lulluɓi da karenmu a cikin tsumma. Likitan ya ɗebi jini, ya dawo ya ce tsohon ciwon ne ya tashi. Irin wannan ciwo yakan kwanta a jiki, wahala da zafi su tayar da shi, kuma jinin karen ya kusa ƙarewa. Ya ce da an bar shi inda yake, wataƙila da ya yi shekaru. Na ce ya yi duk abin da za a yi, ko nawa ne. Ya ce ba maganar nawa ba ce. Suka riƙe shi kwana biyu suna ƙara masa ruwa, sannan suka ce mu kai shi gida.

Na kira matar Legas. Ta yi kuka a waya, ta ce za ta ba ni wani ba tare da na biya komai ba. Na yi mata godiya na kashe, don ban san abin da zan yi da wannan alherin ba.

Kwana uku ya yi a rumfarsa. Inna ta mayar da tabarmarta can. Tana ba shi romo da cokali, rabi ya shiga rabi ya zube. In lokacin salla ya yi ta tashi ta wanke hannuwanta sarai, ta sauya zani, ta yi salla, ta sake ɗaura na jinyar ta dawo. Sau biyar a rana, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Sau ɗaya ta kira shi da sunan nan ya kaɗa wutsiya a ƙasa, ta juyo ta dube ni tana murmushi. Hutun da na ce ba zan samu ba don zuwa Legas, sai ga shi na samu. Ina tsaye a kansu riƙe da buta ko tsumma, ba wanda ya ce in riƙe. Ban taɓa jin ba ni da amfani kamar a kwanakin nan ba. Ina da mota, ina da albashi, ina da lambar likita, babu ɗaya da ya iya sa karen nan ya haɗiye cokali guda.

Ranar Alhamis bayan azahar ya mutu. Sai a lokacin na lura babu inda za a haƙa rami a gidana, ko'ina siminti ne. Na ɗauke shi a but ɗin mota na fita bayan gari na nemi daji.

Da na dawo na tarar ta wanke kwanon ta kife. Ta ce in zauna.

"Nawa ka biya?"

Na fara zuba mata bayani, cewa ba farashi ba ne, kuɗin ɗawainiya ne, ƙungiya ce, taimako ne. Ta bari na gama.

"Ka ba da kuɗi?"

"E."

"Aka ba ka kare?"

"E, Inna."

"To."

Ta daɗe tana murza jan zaren da ke bakin kwanon. Ba ta yi faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Da na san ko ta yaya sai ka bayar, da na bi ka kasuwar Gudu ranar nan na buɗe bakin kwikwiyo da hannuna," ta ce. "Wannan bawan Allah kuma da yana can inda ya saba yana cin abincinsa. Ni na hana ka, kai kuma ka zagaye ni."

Na ce gobe mu je kasuwar Gudu, ko a kawo na Legas a jirgi, wanda duk take so.

"A'a. Ba na sake sa a ɗauko wani rai saboda ni. Ba kowane mai rai ake ɗaukowa daga inda ya saba ya rayu ba, ko da an yi masa rumfa mai kyau."

Na san ba karen kaɗai take nufi ba. Ina da amsoshi da yawa, na hawan jini, na nisan asibiti, na faɗuwa a bakin murhu, duk gaskiya ne, amma sai na tashi na je na naɗe tabarmarta da ke rumfar.

Bayan kwana tara aka yi ruwan ƙarshe. Ta jira mako guda don ta tabbata ya ɗauke. Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na ga jakarta a bakin ƙofa, kwanon nan a ɗaure a sama, hoton da na buga a ofis a ninke a cikinsa. Na shiga kemis na sayi maganinta na wata uku, na rubuta safe da yamma a jikin kowane kwali, ko da yake na san ba ta karatun boko. Sannan na je na sha wa mota mai.