Na Ƙi Shiga Motar Gajiyayyu

A ofis na ji sanarwar: ranar Asabar za a rufe manyan tituna, duk mai keke ya fito a zaga gari. Na ce da ni za a yi. Abokan aikina suka kwashe da dariya, wai mai jikoki za ta hau keke.

Ba su san a kan keken mahaifinmu na tashi a Kurmin Mashi ba. Da shi nake kai niƙa, har aka ce na girma, in sauka. Na kuwa sauka.

Ranar Juma'a bayan masallaci sai ga yayana, ashe labari ya kai masa.

"Yanzu ke da girmanki? Me mutane za su ce?"

"Yaya, tun ina yarinya suke faɗa, ban ga sun gaji ba. Su ƙara da wannan."

Ko ruwan da na kawo bai sha ba ya tafi.

Da safe na sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, na tattare hijabina kada taya ta kama, na ɗauki keken ɗana. A unguwar Doka aka taru, samari da hulunan kwano, mata 'yan ƙalilan, duk sa'o'in 'ya'yana. Da aka busa usur, kan keken ya yi ta rawa a hannuna, can sai jikina ya tuna.

Wajen Unguwar Sarki wani mai shayi ya ɗaga murya: "Hajiya, wa kika bar wa girki?"

"Kai na bar wa!" na ce, ko waiwayawa ban yi ba.

A hanyar dawowa numfashina ya fara sarƙewa, kowa ya wuce ni. Motar da ke kwasar waɗanda suka gaji ta matso kusa, direban ya leƙo.

"Mama, ki shigo mu ƙarasa da ke. Za a buɗe titi."

"Ku buɗe abinku, ɗana. Ba zan shiga ba."

Suka buɗe kuwa. Cikin 'yan acaɓa da hon na ƙarasa, gumi har cikin ido. Na tarar ana naɗe rumfuna, ruwan da aka raba ma ya ƙare. Ban damu ba.

Kwana biyu a zaune na yi sallah saboda gwiwa. Maƙwabciyata da ta shigo yi mini sannu ta rage murya, ta tambaye ni ko koyon keke yana da wuya. Na ce ta fito bayan asuba, lokacin layinmu babu motoci.