Mamunatu, Mai Murza Taliyar Shagon Salim

Da an idar da sallar asuba, Mamunatu ta riga ta ɗora tukunyar ƙashi a bayan shago. Sai ta zauna ta kwaɓa fulawa, ta yi ta murza taliya zare-zare har rana ta ɗaga. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka a Zangon Wagadugu. Allon da ke ƙofa kuwa, sunan Salim mai shagon ne a kai.

Ni baƙo ne, hanya ce ta biyo da ni. Rasmane, direban da ya ɗauko ni daga tasha, ya ce ba a barin garin nan ba a ci taliyar Salim ba. Mun yi kusan rabin awa a layi. Da kwanon ya zo, taliya ce cikin romo mai zafi, ga dafaffen ƙwai, ga ƙamshin daddawa. Na cinye, na ɗaga kwanon na shanye, na ce zan je in gode wa mai shago. Rasmane ya yi wata dariya wadda ba ta kai ciki ba, ya ja ni baya, inda hayaƙi yake.

A can na sami Mamunatu, idanu jajir, yatsu duk sun lanƙwashe. Rasmane yana ce mata Yaaba, wato kaka a yarensa na Mosi. Shi ya ba ni labarin shekarar da aka rushe layinsu. Mutane na zaune a kan tarkacen gidajensu, ita ma ɗakinta na cikin waɗanda aka rushe, amma ta kafa duwatsu uku ta yi kwana tara tana dafa wa maƙwabta. Iro, wani direba ɗan Nijar, ya ce lokacin da ya karye a hatsari, wata biyu tana kai masa romo asibiti da ƙafa, alhali ba ta haɗa komai da shi ba sai yaren Hausa.

Ƙarshen watan nan za ta bari. Salim ya sayo inji, ya ce mata ta je ta huta. Na tambaye ta ko ranta ya ɓaci. Ba ta ɗago ba.

"Ɗana, patron, maigidan namu, bai yi ƙarya ba, hannun ya gaji. Abin da ya tsaya mini a rai, wata rana jikata ta kawo ƙawayenta daga lekol, makarantarsu ta boko. Ina jin muryarta tana yi musu kurin taliyar Salim. Har suka tafi ba ta leƙo baya ba."

Inna Mamunatu, ke ce kika ciyar da Zango, wani ya sha yabon. Ke ce uwar matafiya, wadda ba su taɓa ganin fuskarta ba. Na gode, a madadin duk wanda ya ƙoshi ya tashi bai tambaya ba. Allah Ya saka miki, tunda mutane sun kasa.

Masu abinci, ku yi koyi da ita. Ku kuma mutanen Zango, saura kwana goma sha ɗaya. In kun ci, ku zagaya baya ku gaishe ta da sunanta.